YADDA DABBOBI SU KE KOYON RARRABE SAUTI MAI ƘARFI DA MAI RAUNI

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a cikinmu ya ga wani abu wanda ya isa a yi tunani a kansa, sai dai sabo ya hana mu mamaki. 'Yan bindiga suna ɗurawa suna bugawa, hayaƙi ya turnuƙe, tambura da kakaki sun cika gari, amma ga dokin wani tsohon bafada yana tsaye, ko kunne bai kaɗa ba. Shi wannan doki kuwa, in an koma gida da maraice, da ya ji ɗan motsin ƙwaryar hatsi daga bayan danga, motsin da mutum ma sai ya kasa kunne kafin ya ji, sai ya ɗaga kai ya yi haniniya. Babbar ƙara ya yi banza da ita, 'yar ƙarama ya amsa. To, kawo dokin da aka sayo jiya daga ƙauye ka tsai da shi a wurin nan. Bugu ɗaya ya isa ya yar da mahayinsa. Ashe ba haka aka haifi na farin ba, koyo ya yi.

Wannan ya sa na shiga neman abin da masu ilmi su ka gano game da al'amarin, na kuma ga ya kamata in rubuta shi domin 'yan'uwana ɗalibai, tun da aikin da mu ke shirin kamawa ya yi kusa da wannan ƙwarai, watau koya wa mai rai ya rarrabe abu biyu masu kama da juna.

Mene ne ƙarfin sauti?

Ko wane sauti karkarwa ce. In an bugi ganga, fatar tana karkarwa, ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan kuma ta tura ta gabanta, har abin ya iso kunne, kamar yadda ruwan tafki ya ke yin zobe zobe in an jefa tsakuwa.

Sauti yana da siffa biyu waɗanda mutane su kan gauraya. Ta fari ita ce kaifi da kauri, kamar bambancin muryar yaro da ta dattijo. Wannan ya danganta ga yawan karkarwa, watau sau nawa abin ya ke kaiwa da komowa cikin sakan guda. Kunnen saurayi mai lafiya ya kan ji har wajen karkarwa 20,000 a sakan, na kare kuwa ya ninka wannan. Siffa ta biyu ita ce ƙarfi da rauni, ita kuwa ta danganta ga girman karkarwar. Dubi mai kalangu. In ya matse igiyoyin a hammatarsa, kaifi ya sauya. In ya ƙara nauyin hannu wajen bugu, ƙarfi ya sauya. A kan ta biyun nan maganarmu ta ke.

Ma'aunin ƙarfin sauti sunansa desibel, an samo sunan daga Alexander Graham Bell, mutumin da ya yi suna wajen ƙago tarho. Sautin da kunne mai lafiya ya ke ji da ƙyar shi a ke ba sifiri. Raɗa wajen 30 ce, zancen mutum biyu wajen 60, bindiga kusa da kunne ta kai 140 ko fi. Amma ma'aunin nan ba kamar mudu ya ke ba. Duk sa'ad da aka hau desibel 10, ƙarfin da ke cikin sautin ya ninku sau goma, ko da ya ke a kunnen mutum kamar ninki biyu kaɗai ya ke.

Sa'ad da karkarwa ta shiga kunne sai ta kaɗa dodon kunne. Bayansa akwai 'yan ƙasusuwa uku, su ne mafiya ƙanƙanta a jiki duka, su ke miƙa motsin zuwa wani ƙashi murɗaɗɗe mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi gashi, wajen 15,000 a ko wane kunnen mutum. In ruwan ya motsa, gashin ya tanƙwara, sai jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Sauti mai rauni 'yan jijiyoyi kaɗan ya ke tayarwa, su aika a hankali. Mai ƙarfi kuwa ya kan ta da masu yawa, su yi ta aikawa ba ƙaƙƙautawa. Doki da kare da ɓera duk haka ginin kunnensu ya ke. Kunne ke nan ya kawo labari. Abin da za a yi da labarin kuwa, wannan shi ne aikin koyo.

Likitan Rasha da karnukansa

Ta yaya za a tambayi dabba abin da ta ji, ga shi ba ta magana? Wanda ya buɗe ƙofar nan wani likita ne na ƙasar Rasha, Fablof, wanda Turawa ke rubutawa Pavlov. An haife shi a 1849, ya rasu a 1936. Asalin aikinsa binciken yadda ciki ke narkar da abinci ne, a kansa ma aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Cikin aikin nan ya lura karnukansa su kan fara zubar da miyau tun abinci bai iso ba, da sun ji tafiyar mai kawo shi. Sai ya mai da hankalinsa kan wannan har ƙarshen ransa.

Ga dabarar da ya yi. A kan yi wa kare 'yar fiɗa a kumatu, a juyo bakin hanyar miyau waje, a liƙa ɗan bututu, domin a iya ƙidaya ɗigon da ya fito. Sa'an nan a yi wani sauti, a bi shi da abinci, a yi ta maimaitawa. Mutane sun fi ambaton ƙararrawa, amma a ɗakin aikinsa an yi amfani da abubuwa iri iri, har da sarewa, da wani ɗan akwati mai bugawa kamar agogo. A littafinsa da aka juya da Turanci a 1927 ya ba da labarin wani kare da aka kaɗa wa ɗan akwatin nan, ba abinci ko kaɗan a gabansa: bayan sakan 9 miyau ya fara, cikin sakan 45 aka ƙidaya ɗigo 11. Miyau ya zama bakin da kare ke amsawa da shi.

Da ya ke ko wane ɗan motsi ya kan ɓata gwajin, har aka gina masa gida na musamman a birnin San Fitasbag, wanda aka kira Leningrad daga 1924 zuwa 1991. An kewaye gidan da rami, aka yi ɗakuna takwas, ko wanne an raba shi biyu da bango mai hana sauti, kare a gefe ɗaya, mai gwaji a ɗaya gefen.

Abu na fari da su ka gani shi ne, in kare ya saba da sauti guda, ya kan amsa wa duk masu kama da shi, ko an ƙara ƙarfi ko an rage. Su ka yi tsammani yawan maimaitawa zai gyara wannan. Bai gyara ba. Fablof ya ce ko da aka maimaita sauti guda da abinci fiye da sau dubu, kare bai daina amsa wa makusantansa ba. Amma da su ka sake hanya, su ka riƙa kawo sauti biyu, wannan da abinci, wancan ba kome, sai rarrabewa ta zo da sauri. Da fari kare ya kan yi miyau ga duka biyu. Sannu sannu na banzan ya riƙa raguwa, har ya zama ko ɗigo babu, na gaskiyan kuwa yana nan cikakke.

Kada a ce kare ya daina jin sauti na biyu ne. Yana ji sarai, kame kansa ya ke yi. Shaidar wannan ita ce, in ana cikin yin sautin banzan wani baƙon motsi ya faru, sai miyau ya ɓalle, kamar an kwance ɗaure. In kuma aka kawo sautin abinci nan da nan bayan na banza, sai ɗigon ya kasa yadda ya saba, don kamewar ba ta gama sakinsa ba. Koyon abu biyu ke nan tare: sanin inda za a amsa, da sanin inda za a yi shiru.

Sarewa a cikin akwati

Wani almajirin Fablof mai suna Tikomirof shi ya gwada ƙarfin sauti kansa. Ya kafa wata sarewa a tsakiyar allon katako wanda aka shimfiɗa wa abduga, ya rataye akwati a bisanta, bakinsa yana duban ƙasa, shi ma an lulluɓe cikinsa da abduga. In an sauko da akwatin sai ya danne sautin, in an ɗaga sai ya sake shi. Ta haka kaifin sarewar yana nan yadda ya ke, ƙarfin kaɗai ke sauyawa. Aka zaɓi tsayi guda ya zama alama, sauran kuwa a busa ba a bi su da kome ba, ana ta matso da su kusa da na alamar.

Abin da ya fito abin mamaki ne. An kai inda shi mai gwajin ba ya iya jin bambancin sautin biyu sai in an busa su a jere, wannan na bin wannan. Karen kuwa ya rarrabe su daidai, ko da an sa tsakani na sa'a 17. Watau ba a kunne kaɗai abin ya tsaya ba. Kare ya ajiye awon sautin a ƙwaƙwalwarsa, ya kwana da shi, gari ya waye ya auna sabon da tsohon.

Sun kuma lura, bisa ga al'ada sauti mai ƙarfi ya fi mai rauni jawo miyau, amma da iyaka. In ƙarfin ya wuce kima sai amsar ta faɗi. Ƙara murya ba kullum ya ke ƙara amsa ba.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ta shafi mutum da dabba duka, wadda wani Bajamushe, Ernst Weber, ya bayyana a 1834, ko da ya ke shi da nauyin kaya ya fara gwadawa. Ƙarin da a ke iya ganewa ya danganta ga abin da ke nan tun da fari. In makaɗi ɗaya yana kiɗa wani ya shigo, kowa zai ji, don an hau wajen desibel 3. In makaɗa ashirin ne na ashirin da ɗaya ya shigo, ba mai ji, don ƙarin bai kai ko rubu'in desibel ba, kunnen mutum kuwa sai an kai wajen desibel guda ya ke farga.

Daga mai sauƙi zuwa mai wuya

A ɗakin Fablof an gano kuma hanyar da rarrabewa ta fi saurin shiga. An nuna wa wani kare farar takarda da abinci, da wata mai ɗan duhu kaɗan ba abinci. Sau 75 aka gwada, bai gane ba. Sai aka koma ga mai duhu sosai, ya gane nan da nan, aka riƙa rage duhun mataki mataki har aka komo ga wadda ta gagare shi. Duka duka sau 20 ya ishe shi. Wannan da ido aka yi, amma hanyar ɗaya ce da ta kunne: a fara da tazara mai faɗi, a riƙa matsewa.

Matsewar ma tana da iyaka. Wata mace cikin masu aiki da Fablof ta koya wa kare ya rarrabe da'ira da siffa mai kama da ƙwai. Da fari tsawon ƙwan ya ninka faɗinsa, kare ya gane. Aka yi ta kumbura shi har ya zama tara bisa takwas, kusan da'ira. Nan abin ya tsaya. Mako uku ana fama, maimakon ya ci gaba sai ya lalace, har mai sauƙin da ya sani da ya ɓace masa. Karen da a ka sani da natsuwa ya shiga kuka, yana fizge fizge, yana cizon bututun gwaji, in za a shigar da shi ɗakin sai ya yi ta haushi. Sai da aka koma tun daga farko, aka bi da shi a hankali, kafin ya komo hayyacinsa.

Doki da bindiga

Yanzu mu koma ga dokin bafada. Firgita da babbar ƙara ba koyonta a ke yi ba, da ita a ke haihuwar dabba, don a daji ƙara mai tsanani ta kan nuna abu ya matso. A fili, duk sa'ad da nisa ya ninku, sauti ya kan ragu da wajen desibel 6, saboda haka sautin da ke ƙaruwa alama ce ta abin da ke tahowa. Abin da dabba ke koyo shi ne barin firgita, in ta ji ƙarar sau da yawa ba abin da ya same ta. Wannan shi ne sabo.

Sabo ya fi saurin kamawa da sauti mai rauni. A 1969 waɗansu masu bincike biyu a Amurka, Michael Davis da Allan Wagner, su ka gwada da ɓeraye. Waɗansu aka yi ta buga musu babbar ƙara tun daga farko, waɗansu kuwa aka fara musu da ƙarama ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Da aka zo gwajin ƙarshe da babbar ƙara, waɗanda aka hau da su sannu su ne su ka fi natsuwa. Mai hankali cikin masu kiwon dawaki ba zai yi mamakin wannan ba. Dokin da ya fara jin bindiga daga nesa, yana cin harawarsa, ana matsowa kwana bayan kwana, ya fi wanda aka buga wa a gindin kunne ran farko. Motsin ƙwarya kuwa, ko da ya ke ƙarami ne, kullum hatsi na biye da shi, don haka ya zama mai daraja. Dabba ba girman sauti ta ke bi ba, abin da ya saba biyo bayansa ta ke bi.

Mujiya

Cikin dabbobin da su ka dogara ƙwarai ga awon ƙarfin sauti akwai farar mujiyar nan mai faffaɗar fuska, wadda ke kwana a kangaye da kogon itace, a ƙasarmu da kusan ko'ina a duniya. Wani Ba'amurke, Roger Payne, ya sa ta a ɗaki mai duhu ƙirin, ya zuba busassun ganyaye a ƙasa, ya saki ɓera. Ta sauko ta cafke shi. Don ya tabbata ba wari ko ɗumin jiki ta ke bi ba, sai ya ja dunƙulen takarda da zare cikin ganyayen, ta cafke takardar. An buga cikakken labarin a 1971.

Asirin yana ga kunnuwanta, gama ba daidai su ke ba. Na hagu ya ɗan fi tsayi, yana fuskantar ƙasa, na dama kuwa yana fuskantar sama. In sauti ya fi ƙarfi a dama, abin yana bisa. In ya fi a hagu, yana ƙasa. Gefen da ya ke kuwa, ta kan gane shi ta wurin kunnen da sautin ya riga isa.

Shin da wannan awo a ke ƙyanƙyashe ta, ko koyo ta ke yi? Eric Knudsen da abokan aikinsa a jami'ar Stanford su ka toshe wa waɗansu mujiyoyi kunne ɗaya, su ka ba da labari a 1984. Da fari duk su ka riƙa kuskure, suna juya kai wajen kunnen da ke buɗe. Amma waɗanda aka toshe tun ba su kai mako takwas ba, bayan 'yan makonni sai su ka gyara, suna duban inda sautin ya ke daidai, toshiyar kuwa tana nan. Waɗanda su ka girme wannan ba su gyara ba. Da aka cire wa ƙananan toshiyar sai su ka koma kuskure ta ɗaya gefen, har su ka sake koyo. An kuma gano ido ne malamin kunne a nan: in an hana tsuntsun gani, gyaran ba ya yiwuwa. Ta ji, ta duba, ta ga inda ta kauce, ta gyara. Gaskiyar masu iya magana, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Abin da ya shafe mu

Yaro ba kare ba ne, ba kuwa mujiya ba. Yana da hankali da harshe, ana iya gaya masa dalili ya fahimta. Duk da haka kunnensa da jijiyoyinsa irin nasu ne, saboda haka akwai abin da za mu ɗauka.

Na ɗaya, maimaita abu guda ba ya koyar da bambanci. Malaminmu na allo bai bar mu muna ta nanata sin kaɗai ba, sai da ya ajiye mana sodi kusa da shi, ya ce mu saurara. Haka ya kamata mu yi da k da ƙ, da d da ɗ, da kuma p da f na Turanci waɗanda ke wahal da yaranmu. A kawo su biyu biyu, a gaya wa yaro nan take ya dace ko bai dace ba.

Na biyu, a fara da bambanci mai faɗi. In yaro ya fara ruɗewa har abin da ya sani jiya yana ɓace masa, ba taurin kai ba ne. A tuna da karen da'ira, a koma baya mataki ɗaya ko biyu.

Na uku, tsawa. Na ga wannan a kaina sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Ran farko na daka tsawa, aji ya yi tsit. Kafin mako ya ƙare ina tsawa suna surutunsu, na zama bindigar ran salla, su kuwa dokin bafada. Malamin ajin, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, da ya shigo ya yi gyaran murya kaɗan sai kowa ya natsu, don sun san maganarsa ba ta faɗuwa banza. Wanda ya fara daga ƙololuwa ba shi da sauran matakin hawa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Wani yaron da mu ke kira marar ji, gaskiya ne ba ya ji, ciwon kunne ya rage masa, ga shi kuma an zaunar da shi a baya inda murya ke isa da rauni. Kafin a hukunta shi, a tsaya bayansa a yi masa raɗa, kunne ɗaya bayan ɗaya, a gani. In ya kasa, a matso da shi gaba, a kai shi ga likita. Kada kuwa a mari yaro a kunne, don mari ya kan fasa dodon kunne. 'Yan ƙwayoyin nan masu gashi kuma, yawan zama cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 ya kan kashe su. A 1988 an nuna cewa na tsuntsaye su kan sake tsirowa, amma na mutum in sun mutu sun tafi ke nan.

Saboda haka, 'yan'uwa, in salla ta zo ku ka ga dokin nan tsaye cikin hayaƙi, ku tuna wani ne ya yi haƙuri da shi kwana da kwanaki har ya zama haka. Yaran da za a damƙa mana sun fi doki cancantar wannan haƙuri. Allah ya ba mu ikon yi.